Haɗa 'yan tsaki masu bambancin kwanaki a ɗaki ɗaya: wace hanya ce ta dace da kiwonka?

Mai kiwon kaji a Bauchi ba kasafai yake samun duk 'yan tsakin da yake so a mota ɗaya ba. Kwali guda na tsaki hamsin ya iso daga Ibadan ko Jos a wannan makon, kuɗin kwali na biyu bai haɗu ba sai bayan mako uku, ga kuma wasu 'yan sagaru da aka gani da araha a kasuwar Muda Lawal aka kasa haƙuri da su. Kafin a ankara gida ya zama da rukuni biyu ko uku, kowanne da kaskon gawayinsa da mazubin ruwansa, alhali ɗakin kajin guda ɗaya ne, mai ba su abincin ma mutum ɗaya ne. Daga nan tunanin haɗa su yake zuwa.

Yawancin masu wannan tambaya faɗa suke tsoro, kada manya su sassare ƙanana. Tsoron yana da tushe. Amma ni a ganina faɗan ne mafi sauƙi a cikin matsalolin, domin ana ganinsa da ido, ana jin ihun tsakon, a ruga a raba. Abin da ya fi cin kaji bayan an haɗa su shi ne yunwar da ƙananan ke kwana da ita ba a sani ba, da cutar da manyan ke ɗauke da ita ba su nuna alama ba. Don haka da waɗannan biyun zan fi auna kowace hanya.

Abubuwan da za ka duba kafin ka zaɓa

Na farko, tazarar da ke tsakaninsu, kuma da girman jiki ake auna ta, ba da lissafin kwanaki kaɗai ba. Tsakon burola na kwana ɗaya nauyinsa kusan giram 40 ne, amma kafin ya cika kwana 7 ya ninka hakan kamar sau huɗu. Tazarar mako guda a burola ke nan ta riga ta zama babba. Kajin ƙwai, da noila ko maja da ake kiwo don nama da ƙwai, da kajinmu na Hausa ba sa saurin girma haka, saboda haka mako ɗaya a tsakaninsu bai kai na burola tsanani ba.

Na biyu, ɗumi. A makon farko tsako yana bukatar zafin digiri 32 zuwa 35, ana rage kusan digiri 3 kowane mako, har gashinsa ya cika a wajen mako 6. Zafin da ya yi wa ɗan kwana biyar daidai zai sa ɗan mako biyar ya buɗe baki yana haki, ya saki fukafukai. Idan kuma ka rage wuta don babban, ƙananan za su dunƙule a lungu ɗaya, na ƙasa su mutu da danniya. A daren hunturu na Disamba da Janairu wannan ba abin wasa ba ne. A Maris zuwa Mayu kuwa matsalar juyewa take yi, cunkoso da zafi su ne ke kisa.

Na uku, abinci. Abincin 'yan tsakin ƙwai yana da furotin kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, ana ba su har wajen mako 8, sannan a koma na masu tasowa mai kashi 15 zuwa 16. Abincin kaji masu yin ƙwai kuwa yana ɗauke da sinadarin kalsiyam kusan kashi 3.5 zuwa 4 saboda ɓawon ƙwai, alhali mai tasowa kusan kashi 1 yake bukata. Tsakon da ya daɗe yana cin abincin masu ƙwai ƙodarsa ce ke lalacewa. Ƙa'idar garken da aka gauraya ita ce kowa ya ci abincin mafi ƙanƙanta, kuma abincin ƙananan ya fi tsada. Wannan kuɗi ne da mutane ba sa sakawa a lissafi: manya masu babban ciki suna cinye buhun kilo 25 na abincin tsaki wanda ba su bukata.

Na huɗu, kuma nan ne zan ɗan tsaya, cuta da rigakafi. Gumboro ta fi yi wa tsaki ɓarna tsakanin mako 3 zuwa 6, tana karya garkuwar jikinsa, ƙwayar cutar kuma tana iya yin watanni a ɗaki ba ta mutu ba. Kashin jini, wanda masu kiwo ke kira koksi, shi ma a irin waɗannan makonni ya fi kamawa, yana yaɗuwa ta kashin kaji a shimfiɗa mai danshi, abin da ya sa damina ta fi zama lokacinsa. Babbar kaza da ta riga ta sha fama da shi tana iya yawo lafiya ƙalau tana zubar da ƙwayoyinsa, ƙaramin da bai taɓa haɗuwa da su ba ya tsattsaga ya kwanta. Haka ciwon mura da tarin kaji, haka cutar Marek da ke bin ƙurar gashin manya tana shanye ƙafafun masu tasowa. Ga kuma Niyukasul, annobar da ke share akurki a lokacin sanyi.

Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, tana yin alluran rigakafin Gumboro, da Lasota da Komarov na Niyukasul, da sauransu, akwai kuma na ƙasashen waje a shagunan magungunan dabbobi. Samun allurar ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce kowane rukuni yana da ranarsa. Gumboro da Lasota yawanci a ruwan sha ake ba da su, bayan an ɗan hana kajin ruwa, kuma ana so su shanye cikin awa ɗaya zuwa biyu. A garken da aka gauraya, manya ne za su rufe mazubin su shanye, ƙananan da aka jiƙa maganin dominsu su samu ragowa ko su rasa. Mai kiwo ya rubuta a littafinsa cewa ya yi rigakafi, alhali bai shiga cikin waɗanda ake nufi ba.

Sai fili. A kan shimfiɗa, burola 8 zuwa 10 ne a murabba'in mita ɗaya, kajin ƙwai 5 zuwa 6, kuma da zafin Bauchi gara ka riƙe ƙaramin adadin. Idan ɗakin bai isa duka biyun ba bayan sun girma, babu dabarar haɗawa da za ta yi aiki.

Da waɗannan a zuciya, kowace hanya za mu duba kuɗinta, da ɗorewarta, da sauƙinta, da haɗarinta.

Hanya ta ɗaya: a zuba su tare kai tsaye

Ita ce wadda aka fi yi. Ana jira dare ya yi, kaji sun lafa, a ɗauko ƙananan a ajiye cikin manya, da fatan in gari ya waye kowa zai ɗauka dama tare suke. Ba ta cin ko sisi, ba ta bukatar kafinta. Tana kuma aiki a yanayi guda: 'yan tsaki iri ɗaya, daga wuri ɗaya, waɗanda duk ba su wuce mako biyu ba, tazararsu kuma ba ta kai mako guda ba. A wannan shekarun ba su fara rigimar shugabanci sosai ba, bukatarsu ta ɗumi da abinci kusan ɗaya ce.

Da zarar tazara ta wuce haka, dare ba ya ɓoye komai. Kaji suna gane baƙo. Da asuba za ka tarar da ƙananan sun takure a bayan mazubin ruwa, babba guda ta tsaya a bakin abinci tana korar duk wanda ya matso. Idan aka fasa wa tsako fata a gindin wutsiya ko a ka, jan jinin yana jawo sauran, kowa ya zo ya kai sara, cikin ɗan lokaci a yi masa rami. Wanda ya zaɓi wannan hanya dole ya zauna da su safiyar farko, ya ƙara mazubai a kusurwoyi daban-daban yadda kaza ɗaya ba za ta iya tsare duka ba. Da daddare kuma ya ɗauki ƙananan ɗaya bayan ɗaya ya shafa ƙasan wuyansu, inda jakar abinci take. Idan ya ji ta cika ta yi laushi, tsakon ya ci ya sha. Idan ya ji fata kawai, da yunwa ya kwana, ko da an gan shi yana zagaya mazubi da rana.

Hanya ta biyu: shingen raga, suna ganin juna ba sa taɓa juna

A nan ana raba ɗakin gida biyu da ragar waya mai ƙananan idanu, a kafa ta a jikin katako, tsayinta ya kai yadda manya ba za su tsallaka ba. Kowane ɓangare da abincinsa da ruwansa, ƙananan da wutarsu. Ana jera mazuban kusa da ragar ta kowane gefe, don su saba cin abinci suna kallon juna. Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai a fara buɗewa da yamma na ɗan lokaci kana tsaye, a riƙa ƙarawa har a cire ragar gaba ɗaya.

Kuɗinta matsakaici ne: 'yan yadudduka na raga, katako, ƙusa, ladan kafinta in ba ka iya ba, da mazubai na biyu waɗanda dama kana da su. Abin da ya sa nake son ta shi ne kayan ba sa ƙarewa da rukuni ɗaya. Ragar da aka yi wa firam mai kyau, aka wanke aka jingine a inuwa, za ta yi shekaru, kuma ita ce za ka ɗauko ranar da kake son ware marar lafiya ko kaza mai kwanci. Tana rage faɗa sosai, tana ba kowa damar cin abincin da ya dace da shi, rigakafin ruwa ma kowane ɓangare ya sha nasa a ranarsa.

Sai dai kada kowa ya ruɗe: raga ba ta tare cuta. Iska ɗaya suke shaƙa, ƙura ɗaya ke tashi, takalminka ɗaya ne ke taka ɓangarorin biyu. Shingen raga maganin faɗa ne da yunwa. Kajin da aka sayo a kasuwa ko aka karɓo daga wani gida sai sun yi zaman keɓewa na mako biyu zuwa huɗu a wani wuri dabam, nesa da ɗakin, kafin ma a kawo su bayan raga. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a 2006, wannan ya daina zama shawarar masu manyan gonaki kaɗai.

Hanya ta uku: mafakar ƙanana mai ƙaramar ƙofa

Wannan ƙari ne a kan ta biyu. Maimakon a cire ragar, sai a yanka mata ƙofofi biyu ko uku a ƙasa, faɗinsu kamar tafin hannu, yadda ƙaramin zai wuce babban kuma ya kasa. A cikin mafakar ake ajiye abincin tsaki da ruwa da wuta. Ƙananan su fito su yi yawo cikin manya, in an kore su su faɗa gida. Gwajin ƙofar mai sauƙi ne: ɗauki mafi ƙanƙanta a cikin manyan ka tura ta, in ta wuce, ƙofar ta yi faɗi. A lanƙwasa bakin wayar ko a kewaye shi da katako don kada ya yage musu fata. Kuma ƙofa ɗaya ba ta isa ba, domin babba takan tsaya a bakinta.

Kuɗinta bai fi na hanya ta biyu da komai ba, wasu ma da tsohon kwandon kaji ko akwatin katako suke yi. Ita ce kaɗai ke warware matsalar abinci a garke guda: manya na cin nasu a mazubin da aka rataye sama inda ƙananan ba sa kaiwa, ƙanana na cin nasu a ciki. Idan akwai masu ƙwai, gara duka garken ya ci abincin masu tasowa, a ajiye wa masu ƙwan dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa a wani kwano dabam, su ɗiba gwargwadon bukata.

Aibinta biyu ne. Tana son ido, domin kwanakin farko sai ka koya wa ƙananan hanyar komawa, ka kuma mayar da su ciki da magariba. Sannan amfaninta na da iyaka: ƙananan suna girma, wata rana ƙofar za ta matse su, a lokacin kuma ya kamata a ce sun isa tsayawa da ƙafarsu. Haɗarin cuta a nan ya fi na shingen da ba ƙofa, tunda suna taka shimfiɗa ɗaya. Kada a buɗe ƙofar sai ƙananan sun gama Gumboro da Lasota na farko, an kuma zuba sabon ɓuntun shinkafa ko aski na katako busasshe.

Hanya ta huɗu: a jira su kusa kai ɗaya, a kai su sabon wuri tare

Tazarar mako uku tsakanin ɗan mako ɗaya da ɗan mako huɗu babba ce ƙwarai. Tsakanin ɗan mako 12 da ɗan mako 15 kuwa da ƙyar baƙo zai bambance su. Wannan hanya lokaci take bari ya yi aikin. Kowane rukuni ya zauna a wurinsa har ƙananan su cika gashi, su gama manyan alluransu, su koma abinci iri ɗaya da manyan, girmansu ya kai akalla kashi biyu cikin uku na manyan. Sai a share wani ɗaki da babu wanda ya taɓa zama a cikinsa, a zuba su a rana ɗaya. Inda babu mai gida, faɗan kare wuri yana raguwa.

Ta fi biyun baya aminci, ta kuma fi su tsada, saboda wata biyu ko uku kana ɗawainiyar wuri biyu. Ga mai kajin ƙwai akwai wani abin lura. Sagarar da ke tasowa ba a son a ƙara mata tsawon haske kafin jikinta ya isa, alhali mai yin ƙwai tana son hasken awa 16 a rana. Idan manyan sun fara ƙwai a mako 18 zuwa 20 aka kunna musu fitilar dare, ƙananan da ke tare da su za su iya fara ƙwai da wuri jikinsu bai kai ba, a samu ƙananan ƙwai da fitowar mahaifa. Tazarar da ta wuce wata guda a kajin ƙwai, gara a jira ƙananan su kai bakin yin ƙwai tukuna. A kuma cire zakara na ɗan lokaci, don ba ya duba ƙanƙantar sagara.

Hanya ta biyar: kada a haɗa sam

Manyan gonaki haka suke yi: rukuni ya shigo tare, ya fita tare, a kwashe shimfiɗa, a wanke ɗaki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya huta kamar mako biyu kafin sabbi su shigo. Ita ce mafi tsada a farko, domin sai an gina ɗaki na biyu da ɗan nisa, da kayan aikinsa. Ita ce kuma mafi ɗorewa, kuma ita kaɗai ce ke yanke zaren cuta daga rukuni zuwa rukuni. Mai bin ta ya riƙa fara aikin safe daga ɗakin ƙanana kafin na manya, da takalmi dabam a kowace ƙofa.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗarin faɗa da yunwa | Haɗarin cuta |
|---|---|---|---|---|---|
| Kai tsaye | Babu | Ba abin da ke saura | Sauƙi a daren, wahala da safe | Babba | Babba |
| Shingen raga | Matsakaici | Shekaru | Mai sauƙi | Kaɗan | Yana nan |
| Mafaka mai ƙofa | Matsakaici | Har ƙananan su girma | Tana son ido | Kaɗan | Ya fi na shinge |
| Jira da sabon wuri | Da ɗan yawa | Haɗuwar takan zauna | Aikin wuri biyu | Kaɗan ƙwarai | Ya ragu |
| Rabuwa har ƙarshe | Mafi yawa | Mafi daɗewa | Aiki kullum, hankali kwance | Babu | Mafi ƙaranci |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Idan burola kake kiwo don Sallah ko Kirsimeti, shawarata ita ce kada ka haɗa. Rayuwarsu duka mako 6 zuwa 8 ce, ba su da lokacin sabawa da juna, kuma kowace rana da ƙaramin ya kwana da yunwa nauyi ne da ba zai dawo ba kafin ranar kasuwa. Akwai kuma batun magani: idan ƙananan suka bukaci magani a ruwa alhali manyan saura kwana uku a yanka su, ka shiga tsaka mai wuya, domin bai halatta ka sayar wa mutane naman da magani bai fita daga jikinsa ba. In ɗaki ɗaya ne gare ka, ka sa raga ka bar ta har ka sayar da na farko. Kuma kada a gauraya burola da 'yan tsakin ƙwai ko da rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su, cikin mako biyu burola za su danne su a bakin mazubi.

Uwar gidan da ke da noila ko maja ashirin zuwa hamsin a bayan ɗaki, rukuni biyu masu tazarar mako biyu zuwa huɗu, shingen raga ne nata, daga baya ta yanka masa ƙananan ƙofofi. A nan ne kuɗin da za a kashe da amfanin da za a samu suka fi daidaita, kuma ita na fi ba mutane shawara.

Mai kajin ƙwai ɗari zuwa sama da ke son ya sayar da kiret kullum, ya jira, ya haɗa su a sabon ɗaki idan tazarar ba ta kai wata ba. Idan ta wuce, ko daga wurare daban ya sayo su, ya bar kowa a ɗakinsa, ya kuma sa likitan dabbobi ya tsara masa ranakun rigakafin kowane rukuni a rubuce.

Wanda kwalinsa na biyu ya iso bayan na farko da kwana uku ko huɗu, iri ɗaya, daga hannu ɗaya, yana iya zuba su tare, bayan ya ba sababbin awanni su sha ruwa su ci su warware gajiyar hanya a gefe guda.

Masu kajin Hausa da ke sake a tsakar gida kuwa, fili yana rage musu faɗa, tunda wanda aka kora yana da wurin gudu. Nasu haɗarin yana wajen kaza mai 'ya'ya, wadda ke sarar duk tsakon da ba nata ba, da kuma shirwa da muzuru da ke ɗaukar ƙaramin da aka kora gefe. 'Yan tsakin kwali da ba su da uwa kada a sake su cikin irin wannan garke sai sun cika gashi sun sha Lasota, kuma kwanakin farko a kifa musu babban kwando ko keji a tsakiyar gidan, da ruwansu da abincinsu a ciki, sauran kaji su gama zagaya su tukuna.